Mu da Ciwon Ƙafa a Ƙasar Gumel

Mu dai mutanen ƙasar Gumel, tun daga cikin gari har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ba mu cika ɗaukar ciwon ƙafa a bakin ciwo ba. In kai ya sara, a nemo magani. In ciki ya murɗa, gida duk ya tashi. Amma ƙafa, sai dai ka ga dattijo ya yunƙura daga tabarma bayan La'asar, ya dafa bango, ya yi jim kafin ya ɗaga sawu. A ce masa, "Baba, ƙafar ce?" Ya ce, "Ita ce fa, ɗan nan, sanyi ne." Na kusa da shi ya ce, "Shekaru ne, Malam, kowa ma haka yake fama." A yi masa Allah ya sawwaƙe, a koma zancen farashin riɗi. Shekara ta kewayo, ƙafar tana nan yadda take, ko ma ta fi.

Alhali kuwa da ƙafa muke ci. Je ka Maigatari ranar Alhamis ka tsaya a kara. 'Yan kore sun taso da shanu da raƙuma daga wajen Dungas da ƙasar Damagaram, wasu sun kwana suna tafiya. Dillali tun hantsi yana tsaye, daga wannan garke zuwa wancan, ba zai zauna ba sai kasuwa ta watse. Ɗan dako ya saɓa buhun soɓo ko na riɗi, ya hau katako ya kai cikin tirela, ya sauko, ya sake. Ka leƙa takalmansu: silifa ce da ta suɗe har dunduniya tana shafar ƙasa, ko takalmin taya, ko na roba mai tauri irin na makiyaya. A gona kuwa da yawanmu cire takalmin ma muke yi, mu ce yana hana sauri. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ne. Da bazara ya ɗau zafi har ya ƙona tafin sawu, da kaka ga ƙarangiya da tsidau, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a kowane lokaci, da hunturu kuma kaushi da faso. Kowace ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne da gaɓoɓi 33 a cikinta, kuma duk nauyin mutum da na kayan da ya ɗauka a kansu yake sauka.

Na mata ba a ma jin labarinsa. Inna ta tashi tun asuba, ta yi surfe da daka a tsaye, ta je rijiya ko famfo, ta ɗauko itace, ga goyo, wataƙila ga juna biyu. Da dare ta ce wa 'yarta, "Zo ki ɗan taka min ƙafar nan." Iyakar abin da gida zai sani ke nan. Ba za ta faɗa wa maigida ba don kada a ce ta cika raki, kuma ta san kuɗin motar zuwa asibiti na iya zama kuɗin cefanen kwana biyu. Wannan haƙurin nasu yana taɓa ni ƙwarai, don a cikinsa ne ƙaramin ciwo ke samun shekarun da zai girma.

Abin da nake so mu gane shi ne, ciwon da muke haɗawa mu kira sanyi ba guda ɗaya ba ne, kuma abin da ke yi wa wani magani shi ne ke halaka wani.

Wanda ya fi yawa a cikinmu shi ne na dunduniya. Mai shi zai ce maka, "Da asuba in na sauke ƙafa zan je alwala, kamar na taka ƙusa. In na ɗan yi tafiya sai ya lafa. In na zauna na jima na tashi, ya dawo sabo." Akwai wata jijiya mai faɗi da kauri a tafin sawu, ta taso daga ƙashin dunduniya ta kai gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar tafin. Yawan tsayuwa, doguwar tafiya da kaya, ƙiba, da takalmi marar taushi su ke gajiyar da ita a daidai inda ta manne da ƙashi. Da dare in an kwanta sai ta takure, takun farko na safe ya fizge ta, shi ne wannan sukar. Kusan mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa. Daɗin abin, kusan 9 cikin 10 na masu shi suna samun sauƙi ba tare da an yi musu aiki ba, sai dai yana ɗaukar watanni, wani har ya kusa shekara. Mu kuwa in mako biyu ya wuce ba mu ga canji ba sai mu ce maganin bai karɓe mu ba, mu koma wani.

Maganinsa na gaskiya ba shi da tsada, naci yake so. Kafin ka sauko daga shimfiɗa, ka ɗora ƙafar a kan gwiwar ɗayar, ka kama yatsun ka ja su baya wajen ƙwauri har ka ji tafin ya miƙe, ka ƙirga goma, ka saki, ka maimaita sau goma. Ka yi haka safe da rana da dare. Ka kuma dafa bango, ka mayar da ƙafar da ke ciwo baya, dunduniya a ƙasa, ka karkata gaba har ka ji sha-raɓa ta ja. In ka zauna hira, ka sa kwalba a ƙarƙashin tafin kana murzawa, in da ruwan sanyi a ciki ya fi. Sannan takalmi. Kambas na gwanjo mai kaurin ƙasa ya fi sabuwar silifa amfani nesa ba kusa ba, kuma shumeka zai iya yanka maka soso ya sa a wajen dunduniya da kuɗi kaɗan. Wasu sukan je a ɗauki hoton ƙafar, a ga wani ɗan tsiro a ƙashin dunduniya, hankalinsu ya tashi su ce ƙaya ce ta fito musu a ƙashi, sai an yanke. Mutane da yawa suna da wannan tsiron ba sa jin komai, kuma galibi ba shi ke kawo zafin ba. Akwai allurar da ake yi a dunduniyar, tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma in aka yawaita ta tana iya tsinka jijiyar ko ta zaizaye kitsen da ke tare dunduniya. Wannan aikin likita ne, ba na mai yawo da jakar allura ba.

Akwai kuma na babban yatsa, wanda ke tayar da mutum tsakar dare, gaɓar ta kumbura ta yi zafi har mayafi ba ya so ya taɓa ta. Ya fi kama maza, musamman masu ɗan hali, masu yawan tsire da kayan ciki da lemon kwalba. Wani sinadari ne ke taruwa a jini ya daskare a gaɓar. Ana gane shi a asibiti, kuma akwai maganin da ke hana shi dawowa. Masu sikila su ma suna da nasu, gyambon da ke fitowa wajen idon sawu ya ƙi warkewa. Wani kuma ciwon daga ƙugu ya taso, ya bi bayan cinya ya sauka har yatsu, ana ta shafa wa ƙafa mai alhali matsalar tana baya.

To me muke yi? Da fari ruwan zafi da gishiri, a tsoma ƙafa. Sai man zafi, Robb ko Aboniki, a murza. Sai man kaɗe. Sai tofi da rubutu. In ya ƙi, a ce, "Kai, a kira wanzami ya yi maka tsaga, ya kafa ƙaho, mataccen jini ne." In ana zaton targaɗe ne a tafi wajen maɗori. In duk an yi ba a dace ba, sai a fara raɗa: "Anya ba wani abu ya taka ba? Anya ba tsallake ba ne?" Daga nan zance ya bar ƙafa ya koma kan maƙwabci ko kishiya, zumunci ya ɓaci, ciwo kuma yana nan.

Ba na cikin masu raina duk abin da iyayenmu ke yi. Man kaɗe yana tausasa kaushi, yana hana faso, kuma ya fi mayuka da yawa na kanti. Tausa tana sassauta gajiya. Sanda ba abin kunya ba ce, tana rage wa ƙafa nauyi. Addu'a kuwa ba Musulmin da zai bar ta, kuma ba ta hana neman magani, malamanmu ma haka suke faɗa. Su ne kuma ke tuna mana cewa wanda tsayuwa ta gagara yana iya salla a zaune, don haka dattijon da ke cije leɓe a sahu ba dole aka yi masa ba. Wanzamanmu mutane ne masu mutunci da muka gada kaka da kakanni. Abin da nake tsoro shi ne aska da ruwan zafi a ƙafar da ba a san abin da ke damun ta ba.

Ga dalili. Akwai ciwon da mai shi zai ce, "Tafin ƙafata zugi yake da dare kamar an zuba barkono." Ko ya ce yana jin tsira-tsira, ko ƙafar ta yi masa nauyi kamar ba tasa ba, ko silifa ta zame ya yi taku da yawa bai sani ba. Sau da yawa wannan ciwon suga ne. Suga in ya daɗe da yawa a jini yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa, ƙafa biyun a tare. Yana kuma rage gudun jini zuwa can, ya sa rauni ya ƙi warkewa. Sai a wayi gari ƙafar da ke zugi da dare ita ce kuma ba ta jin ƙaya. Mutum ya taka tsidau ko ƙusa ya yini da ita. Ya tsoma ƙafa a ruwan da zai iya saɓule fata, ya ce bai ji zafi ba, a ƙaro. Da hunturu ya miƙa ƙafa gaban wuta yana jin ɗumi, ya ƙone bai sani ba. A irin wannan ƙafar, tsaga ɗaya ta wanzami ta isa ta zama gyambo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to faso ma haka yake ga mai suga, ta nan ƙwayar cuta ke shiga.

Sauran labarin mun sha ganinsa. A barbaɗa garin magani, a sa toka, wani har baƙin mai. A naɗe da tsumma. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari, yatsa ya yi baƙi. A ce daji ne, kuma daji ba ya son allura, kada a kai asibiti. Sai zazzaɓi ya rufe mutum sannan a ɗauki shatar mota, a wuce Babban Asibitin Gumel, daga can a tura Dutse ko Kano, tafiyar kusan kilomita 120. In likita ya ce sai an yanke, dangi su ce, "Ka gani ko, da ma mun faɗa, asibiti yanka kawai suka sani." Ba haka ba ne. Da an zo tun raunin bai fi ƙwayar wake ba, wanki da ɗauri da maganin suga ne kawai. Jinkirin ne ya cinye ƙafar, kuma wanda ya rasa ƙafa a ƙasar noma da kiwo, gidansa duka ne ya shiga wani hali.

Kada wani ya ce suga ciwon masu kuɗi ne ko na mutanen birni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shi sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma ya fi saurin ƙaruwa a ƙasashe irin namu. Siriri ma yana kamuwa. Da yawa suna yawo da shi shekaru ba su sani ba, ƙafar ce ke fara ba da labari. Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, minti kaɗan. In mutum bai karya ba aka auna aka ga 7 ko sama da haka, ko 126 a ɗaya ma'aunin, sai a sake aunawa don a tabbatar. Wanda aka tabbatar masa, abin da ake so da shi ba mai wuya ba ne a wurinmu, tunda sau biyar muke wanke ƙafa kullum. In ka zo wankin ƙafa a alwala, ka duba tafin da tsakanin yatsu, in ido ya yi rauni jika ya duba maka. Ka tsane tsakanin yatsun don kada ruwa ya ci su. Ka shafa mai a dunduniya, ban da tsakanin yatsu. Ka zazzage takalmi kafin ka sa. Ka daina tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ka gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. Kada ka yanke kaushi da reza, kada ka ɗinke faso da allura da zare kamar yadda wasunmu ke yi. Rauni komai ƙanƙantarsa, in ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, asibiti. In ƙusa ce ko ƙaya mai zurfi, a tambayi allurar tetanos, wannan kuma ga kowa ne, mai suga da marar shi.

Sai maganar kemis, wadda ita ce ta fi damuna bayan suga. "Yaro, haɗa min na ciwon jiki." A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da rawaya, ba suna ba takarda. Ya watsa da ruwa kafin ya karya, ya tafi gona. Galibi a ciki akwai dikulofenak da ibufurofen ko danginsu a haɗe, alhali aikinsu iri ɗaya ne, ba a shan su tare. Wani lokaci har da deksa, wadda ke kumbura fuska, ta haura da suga da hawan jini. Zafin yana kwantawa, gaskiya ne, shi ya sa ake komawa. Amma shan su kullum wata da watanni yana ƙwarzane ciki har ya yi jini, yana kuma taɓa ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana yana zufa ba ya shan isasshen ruwa. Mu da muke maƙwabtaka da Haɗeja da Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a har ake ta bincike a kai, bai kamata mu yi wa ƙodarmu ganganci ba. Samarinmu 'yan lodi da 'yan kore kuma taramol suka koma wa, mai 200 da mai 225, waɗanda hukumar NAFDAC ba ta yarda da su ba sam. Da ciwon ƙafa da na baya wasu suka fara, yanzu ba sa iya tashi sai da ita. Masu maganin mota da lasifika a bakin kasuwa, waɗanda kwalba ɗaya tasu ke maganin sanyi da basir da suga da amosani, su kam a bar musu kayansu. In zafi ya matsa, farasitamol a bisa ƙa'ida ya fi sauƙin haɗari, ko na shafawa, kafin a ga ma'aikacin lafiya.

Na san abin da za a ce. "Malam, kai kana maganar asibiti, mu muna maganar abin da za a ci." Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce ga mutumin ƙauyen Sule Tankarkar ko Gagarawa da zai bar gonarsa ya biya kuɗin babur. Amma a lissafa abin da ke tafiya a haɗin kemis na wata shida, da na mai lasifika, da kazar da aka kai wa mai duba tsallake. Ya ninka kuɗin gwaji sau da yawa. Ba kowane ciwon ƙafa ne sai an je Kano ba, mafi yawa ƙaramin asibiti ya isa a fara. Wanda ya gagara ne ake turawa wajen masu gashin ƙashi, ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke aiki tun 1959.

Kuma mun taɓa canza hali a kan ciwon ƙafa, dattawa shaida ne. Su sun san kurkunu, yadda yake fitowa a ƙafa daidai lokacin noma ya kwantar da magidanci wata guda ko fiye, ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu shi sama da 650,000 a Najeriya cikin shekara ɗaya. Ba allura ce ta kore shi ba. Mutane ne suka yarda suka riƙa tace ruwan tafki da ƙyalle, suka hana mai ciwon shiga ruwan sha, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suna bin ƙauyuka suna jan hankali. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Yaran yanzu sunansa ma ba su sani ba.

Wanzamai da maɗora da masu kemis su ne mutum ke fara zuwa wurinsu, don haka su nake fara roƙo: in aka kawo muku ƙafa mai zugi ko wadda ba ta ji, ko mai raunin da ya ƙi warkewa, ku tambaya ko an auna suga, in ba a auna ba ku tura a auna kafin ku taɓa. Limamai su faɗa a masallaci, masu unguwanni su faɗa a wajen suna da ɗaurin aure. Kai kuma ɗan'uwa, yau da dare ka tambayi mahaifiyarka da matarka yadda ƙafafunsu suke, ka haska fitila ka duba da idonka. In akwai mai zugi, ko mai rauni, ko wadda ta wuce wata guda tana ɗingishi, ka kai ta a auna mata suga a cikin makon nan.